Kwana Goma Kacal: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Agye, Gazawa Da Gidan Rumji Su Sani Kan Sabuwar Dokar Karɓar Bashi

Masu iya magana na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk wanda ya san kasuwannin da ke jere a kan babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa kusa da Maraɗi, ta bi ta Caduwa da Agye har zuwa Gazawa, ya san cewa yawancin cinikin da ake yi a cikinsu bisa amana ake yin sa. Mai buhunan aya ko wake kan ɗora wa abokin huldarsa kaya a mota ba tare da an ba shi ko dala ba, sai kasuwa ta zagayo. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kan karɓi tiya ashirin da safe ta biya bayan ta sayar. Dillalin dabbobi kan tsaya wa baƙon da bai wuce sanin fuska ba. Da haka iyaye da kakanni suka riƙe kasuwa, kuma da haka muke riƙe da ita har yau.

To amma akwai wani sauyi da aka samu a fagen shari'a wanda lauyoyi da alƙalai suka daɗe suna tattaunawa a kansa a tarurrukansu, alhali mu da abin ya fi shafa ba mu ji labarinsa sosai ba. Tun daga ranar 16 ga Fabrairun 2024 wata sabuwar doka kan hanyoyin karɓar bashi da kama dukiyar wanda ake bi ta fara aiki a Nijar. Dokar ta gajarta wa'adi, ta kuma faɗaɗa irin dukiyar da za a iya kamawa. Ga wanda ke zaune nesa da lauya, kamar yadda muke a waɗannan gundumomi uku, rashin sanin wannan doka na iya jawo asarar jarin da aka yi shekaru ana tarawa.

Daga ina dokar ta fito?

Dokokin kasuwanci da kotunanmu ke aiki da su ba a Yamai kaɗai ake rubuta su ba. Nijar na cikin ƙungiyar OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta Afirka, wadda aka kafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Port-Louis na tsibirin Morishus ranar 17 ga Oktoban 1993. Ƙasashe 17 ne a cikinta, kuma babbar kotunta tana Abijan. Idan ministocin waɗannan ƙasashe suka amince da wata doka, to ta zama doka a Agye kamar yadda take a Dakar ko Yawunde. Ficewar da Nijar ta yi daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025 ba ta shafi wannan ba, domin yarjejeniya ce daban.

Tsohuwar dokar karɓar bashi an yi ta ne a Libreville a 1998. Bayan shekara 25 ana aiki da ita, sai aka sake mata fasali a Kinshasa ranar 17 ga Oktoban 2023, kuma wannan sabuwar ce ta fara aiki a 2024. Dalilin da aka bayar shi ne masu bin bashi sun daɗe suna kukan cewa shari'a na jan ƙafa, har mutum ya ci nasara a kotu amma kuɗinsa ba su shigo hannunsa ba.

Yadda umarnin biya yake aiki

Hanya mafi sauri da dokar ta tanada ita ce wadda ake kira umarnin biya. A ce wani ɗan kasuwa a Caduwa ya ba wani buhun aya 40, aka rubuta cewa za a biya bayan wata biyu, wa'adi ya wuce ba a biya ba. Mai kayan zai iya shigar da takardar buƙata a kotun da ke da hurumi a inda wanda ake bi yake zaune, ya haɗa da takardun shaidarsa. Sharuɗɗan su ne bashin ya kasance tabbatacce, an san adadinsa, lokacin biyansa ya yi, sannan ya samo asali daga yarjejeniya ko cek ko makamancin haka. Alƙali zai duba takardun shi kaɗai, ba tare da an kira wanda ake bi ba, kuma sabuwar doka ta ba shi kwana uku ya yanke shawara. Idan ya gamsu, sai ya ba da umarnin a biya.

Daga nan wajibi ne mai bin bashin ya sa ma'aikacin isar da takardun kotu, wanda muka fi sani da wisiye, ya kai wa wanda ake bi takardar cikin wata uku, in ba haka ba umarnin ya rushe. A nan ne babban sauyin yake. A tsohuwar doka, wanda aka kawo wa takarda yana da kwana 15 ya biya ko ya ƙalubalanci umarnin. A sabuwa an mayar da shi kwana 10. Haka kuma wa'adin ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da aka yanke bayan ƙalubalen ya sauko daga kwana 30 zuwa kwana 15. Idan kwana goman nan suka wuce mutum bai motsa ba, mai bin bashin na da damar neman a buga wa umarnin tambarin zartarwa, kuma daga nan takardar ta zama tamkar hukuncin da aka yanke bayan an saurari kowa. Ko da mutum ya riga ya biya rabin kuɗin, ko adadin da aka rubuta ya wuce na gaskiya, ƙofar yin bayani ta ƙuntata ƙwarai.

Akwai kuma 'yar'uwar wannan hanya ga wanda ya biya kuɗin kaya aka ƙi ba shi, ko ya ba da ajiyar wani abu aka ƙi mayar masa. Shi ma zai iya neman kotu ta ba da umarnin a miƙa masa kayan.

Lauya na nesa, kwana na tafiya

Kwana goma a Yamai daban ne da kwana goma a ƙauyukan Gangara ko Gidan Sori. Ƙungiyar lauyoyin Nijar a Yamai take, kuma mafi yawan lauyoyin ƙasar a can ofisoshinsu suke, nisan da ya haura kilomita 600 daga Maraɗi. Wanda ya ɗauki lauya daga can, ban da ladan aiki, sai ya yi lissafin kuɗin mota da masauki duk ranar da za a zauna. Ga kuma takardun kotu da Faransanci suke zuwa, duk da cewa kundin da gwamnati ta fitar a Maris ɗin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Sau da yawa takarda kan zo mai gida na can cin kasuwar wani gari, a karɓa a soke ta a jikin azara ko a sa ƙarƙashin katifa har ya dawo. Ya dawo kuma sai a tsaya neman wanda zai karanta, sannan a tsaya shawara da 'yan'uwa. Kafin a farga mako ya wuce.

Dokar ta yi sassauci ga wanda ba a damƙa wa takardar hannu da hannu ba, domin nasa wa'adin yana iya fara ƙirguwa daga ranar da aka same shi da kansa ko aka fara taɓa dukiyarsa. Sai dai wannan batu ne da lauyoyi ke tafka muhawara a kansa a gaban alƙali, bai kamata mutum ya dogara da shi ba. Abin da ya fi shi ne duk ranar da takarda mai tambari ta shigo gida, a rubuta ranar a bayanta, a nemi mai karatu a ranar, washegari a nufi ofishin rajistar kotu. Ƙalubalantar umarnin ma ba da baki ake yi ba, sai ta hannun wisiye, shi ma yana buƙatar lokacinsa da kuɗin aikinsa.

Ga wanda ba shi da hali, gwamnati ta kafa hukumar ba da agajin shari'a mai suna ANAJJ da dokar ranar 14 ga Disambar 2011, kuma tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi, har da ta Maraɗi. Bayani da shawara kan doka kyauta ne ga kowa. Samar da mai kare mutum a gaban alƙali kuwa an keɓe shi ga matalauta da wasu rukunin masu rauni, ciki har da matan da ke neman kuɗin ciyarwa, ko rabon gado, ko riƙon 'ya'ya. Yana da kyau shugabannin 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin mata su san ƙofar wannan ofishi tun kafin buƙata ta taso.

Dabbobi da kuɗin waya sun shigo ciki

Wani abin da ya kamata mutanen karkara su lura da shi, sabuwar dokar ta ware babi na musamman kan kama dabbobi saboda bashi, abin da tsohuwar ba ta fayyace ba. A yankinmu kuwa bankin talaka shi ne turkensa. Mace kan tara ribar ƙosai ta sayi akuya, ɗan kasuwa kan mayar da ribar kaka shanun kiwo. Haka nan dokar ta ba da damar kama kuɗin da mutum ya ajiye a asusun wayar salula, da kuma shagon kasuwanci ɗungurungum da sunansa da abokan cinikinsa.

Amma shi ma wanda ake bi bashi dokar ba ta bar shi haka ba. Kafin a kama kaya don sayarwa, sai an kawo masa takardar gargaɗin biya aƙalla kwana takwas kafin nan. Bayan an kama, yana da wata ɗaya ya nemi mai saye da kansa, don kada a yi masa gwanjo a wulaƙance. Ba a zartar da kamu kafin ƙarfe takwas na safe ko bayan shida na yamma, ko ranar Lahadi da ranakun hutu, sai da izini na musamman daga alƙali. Akwai kayan da ake bar wa mutum saboda rayuwarsa da ta iyalinsa. Bugu da ƙari, alƙali na da ikon duba halin da mutum ke ciki ya ɗage masa biya ko ya rarraba masa shi har tsawon shekara ɗaya, ban da bashin ciyar da iyali da na takardun banki irin su cek. Wanda damina ta ƙi masa, ko 'yan bindiga suka kora masa dabbobi kamar yadda ya sha faruwa a ƙauyukan Gidan Rumji da ke kan iyaka da jihar Sakkwato, yana iya neman wannan sassauci. Sai dai fa sai ya je ya nema, ba a kawo wa mutum shi gida.

A nan muna jan hankalin iyayenmu mata. Idan aka zo kama kayan maigida, abin da aka tarar a gidan ko a shagon ake rubutawa. Matar da injin markaɗenta ko tumakinta suka shiga lissafi tana da damar zuwa kotu ta nemi a fitar da su, amma sai ta nuna shaidar cewa nata ne. Rasiɗin saye da sunanta, ko littafin ƙungiyar adashi irin ta Mata Masu Dubara, wadda aka fara a nan jihar Maraɗi tun 1991, na iya zama abin da zai cece ta.

Abin da lauya zai tambaye ka

Lauya komai ƙwarewarsa da abin da ka kawo masa yake aiki. Tambayarsa ta farko ita ce ina takarda, ta biyu kuma yaushe aka yi cinikin. Dokar kasuwanci ta OHADA da aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disambar 2010 ta amince cewa a kan ɗan kasuwa ana iya kafa shaida ta kowace hanya, har da ta na'ura. Ke nan rasiɗin aika kuɗi, da saƙon waya, da littafin da kake rubuta shiga da fita, da shaidun da suka halarci ciniki duk suna da amfani. Sai dai hanyar umarnin biya mai sauri takarda take so, domin alƙali shi kaɗai zai duba. Wanda ba shi da ita sai ya bi doguwar hanya ta ƙara da kiran shaidu.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba. A rubuta cikakken sunan mai bayarwa da mai karɓa da garuruwansu, irin kaya da yawansu, kuɗin da haruffa da lambobi, ranar da aka yi da ranar biya, sannan sa hannu ko dangwale da na shaidu biyu. Duk lokacin da aka rage wani abu a rubuta a baya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kunyar cewa a rubuta ta raba zumuncin da rubutun da zai riƙe.

Batun lokaci ma yana da muhimmanci. A ƙa'ida bashin da ke tsakanin 'yan kasuwa yana tsufa bayan shekara biyar, rigimar da ta taso daga cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa kuwa shekara biyu ce. Wanda ya yi ta haƙuri yana cewa gobe ko jibi, wata rana zai je kotu a ce masa ya makara. Idan wanda kake bi ya nemi ƙarin lokaci, ka sa ya rubuta cewa ya amsa bashin, ya sa ranar.

Masu tsaya wa wasu kuma su yi hattara. Dokar jingina da lamuni ta 2010 ta ce sai da takarda mai ɗauke da iyakar kuɗin da mutum ya ɗauki nauyi, an rubuta da haruffa da lambobi da hannunsa. Wanda bai iya rubutu ba, dole a samu shaidu biyu da za su tabbatar an fahimtar da shi abin da ya shiga. Kuma in ba a rubuta akasin haka ba, mai bin bashi na iya neman kuɗinsa gaba ɗaya a wurin wanda ya tsaya, da zarar wanda ya ci bashin ya gaza. Dangwale ɗaya don ganin ido na iya cinye rumbu.

Idan har ta kai ga ɗaukar lauya, a yi maganar ladansa tun farko, a rubuta, a karɓi rasiɗi. Saɓani kan kuɗin lauya shugaban ƙungiyar lauyoyi ake kai wa. A kuma guji 'yan kamashon da ke yawo a harabar kotu suna cewa sun san alƙali. Sannan a tuna cewa bashi zalla magana ce ta kotun farar hula, sai in akwai damfara ko cin amana a ciki. Wanda aka kama kuwa, dokar ƙungiyar UEMOA ta ranar 25 ga Satumban 2014 kan aikin lauya ta ba shi damar samun lauya tun daga lokacin kamun.

Sulhu a fada, da cinikin ƙetaren iyaka

Ba kowace rigima ce sai ta kai gaban alƙali ba. Dokar sarakunan gargajiya ta Janairun 2015 ta tabbatar wa masu gari da sarakuna ikon yin sulhu tsakanin jama'arsu, kuma ta buƙaci a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Yawancinmu a fadar mai gari ko gaban sarkin kasuwa muke kashe rigima, kuma hakan ya fi sauƙi da arha da rufin asiri. Kuskuren da ake yi shi ne a tashi da fatiha kawai ba tare da an karɓi takarda ba. Idan gona ce aka jinginar ko aka sayar saboda bashi, to a bi ta hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, waɗanda ke da rassa tun daga ƙauye har gunduma, a karɓi takardar jingina ko ta saye. A yankin Agye da Gazawa, inda jama'a suka yi yawa gonaki suka ƙuntata, jinginar baka ta sha komawa rigimar gado bayan waɗanda suka ƙulla ta sun kwanta dama.

Saura batun 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. Kasuwancin wannan yanki da Jibiya da Katsina da Kano a haɗe yake kamar jini da tsoka, amma Najeriya ba ta cikin OHADA. Umarnin da kotun Maraɗi ta bayar ba ya aiki kai tsaye a Katsina, sai an sake bin wasu matakai a kotun can, da wani lauyan da wani kuɗin. Mun ga abin da rufe iyaka ya jawo daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, lokacin da kaya suka maƙale, bashi ya yi ta hawa kan bashi. Mun kuma ga yadda darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, har wanda ya ba da kaya da lissafin naira ya karɓi kuɗin da ba su kai jarinsa ba in an mayar sefa. Don haka a cinikin ƙetare a fayyace a takarda da wane kuɗi za a biya, a karɓi kafin alƙalami mai kauri, a kuma samu mai tsayawa wanda ke zaune a wannan ɓangaren. A riƙa kuma bin sanarwar hukuma kan abin da aka halatta fitarwa, domin a Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa wasu ƙasashe, kuma wanda aka ƙwace wa kaya saboda saɓa irin wannan umarni bashin da ke kansa na nan yana jiransa.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa na Agye da Gazawa da Gidan Rumji da Tsibiri da Caduwa da su tanadi takardar bashi mai sauƙi da Hausa da Faransanci, a ajiye a wurin sarkin kasuwa, duk mai buƙata ya cike. Ƙungiyoyin mata su ware wadda ta iya karatu ta riƙa riƙe littafi da rasiɗai. Gidajen rediyon karkara su gayyato alƙalai da ma'aikatan ANAJJ su yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji. Ita kuma ƙungiyar lauyoyi muna roƙon ta ta riƙa turo wakilai lokaci zuwa lokaci su zauna da jama'a a hedikwatocin gundumomi, tunda dokar da ta gajarta wa'adi ba ta gajarta hanyar Yamai ba.

Kafin a kai ga haka, kowa ya riƙe abu uku: ka rubuta ranar da ka bayar, ka adana rasiɗin ranar da ka biya, in kuma takardar kotu ta zo ka fara ƙirga kwana daga wannan rana. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.